Kaji Hamsin da Albashin Wata Huɗu

Masu cewa in yi haƙuri, na ga saƙonninku, na gode. Amma yau ku ɗan matsa gefe, don labarin da na zo da shi babu haƙuri a cikinsa ko na kwabo. Wata har cewa ta yi, "Yorgelis, ki bar wa Allah." Ai na bar masa, 'yar'uwa. Wata huɗu cur na bar masa, sai ya turo mini kaji hamsin.

Waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Yorgelis, shekarata ashirin da bakwai. 'Yar Barquisimeto ce ni, can Venezuela, amma shekarata biyu a Lima, ina haya a wani ɗaki da ke saman gidan Doña Eudosia mai sayar da kaji a kasuwar Comas. Tun watan Maris nake koyar da 'yan aji uku a Makarantar Ƙananan Taurari, kan albashin sol dubu ɗaya da ɗari biyu, kuɗin ƙasar nan. An biya ni har zuwa Yuni. Daga nan shiru. Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba, ko sol ɗaya bai shiga hannuna ba, ga mahaifina can gida kullum sai an yi masa allurar ciwon suga.

Sauran malamai ta banki ake biyansu. Ni kaɗai ce 'yar ambulan, don har yau ba a amince da takardun karatuna a ƙasar nan ba, sunana ba ya cikin kowace rajista. To wa zan kai wa ƙara, da wace takarda?

Mai makarantar, Doña Felícita, sau biyu na yi ƙoƙarin yi mata magana. Mace ce gajera mai faɗi, gashinta rinanne ja, kullum cikin kwat ruwan toka da wani ƙaton fil na zinare a ƙirji. Na farko ina cewa "Ranki ya daɗe, maganar albashi ce..." ta ɗaga mini hannu ko kallona ba ta yi ba.

"Maganar kuɗi ta Rómulo ce. Ni tarbiyya nake yi a nan, ba ciniki ba."

Na biyun kuwa cewa ta yi, "Ku baƙin nan ba a iya muku. An ba ku aiki, kun fara neman ƙari." Ta rufe ƙofa, har iskar ƙofar ta kaɗa mini gashin goshi. Ranar a banɗakin yara na yi kukana, na wanke fuska, na koma na ci gaba da koyar da lissafi.

Rómulo kuwa ɗanta ne, ɗaya tilo, shi ke riƙe da kuɗin makaranta. Shekararsa talatin da huɗu, ga mota fara, ga turare mai shiga ɗaki kafin mai shi. Kuma tun makona na biyu yake bina. Duk lokacin biya in na shiga ofishinsa, sai ya langwaɓar da kai kamar shi ake bi bashi.

"Sarauniyata, ni ma abin yana cina. Iyayen yara ba su biya ba, kuma Mama ta ce a fara da waɗanda ke cikin rajista. Ki ƙara mini wata ɗaya. Ko da yake..." sai ya yi murmushi, "da kin amince da ni, ai ke za ki riƙa biyan wasu."

Safe da yamma saƙonsa yana shigowa. "Barka da asuba, Yorjelis tawa." "Kin ci abinci, Yorjelis?" Ku lura da kyau, da J yake rubutawa. Sunana da G yake, Y-o-r-g-e-l-i-s, haka Baba ya rubuta shi ranar da aka haife ni. Sau uku na gyara masa, ya turo mini fuskar dariya ya ce ai duk ɗaya ake furtawa. Wata takwas mutum yana cewa zai mutu a kanki, bai iya harafi takwas na sunanki ba. Ku riƙe wannan, zai yi mana amfani.

Abin da ya ɗaure ni shi ne tawa Mamar, can gida. A watan Yuli ta turo mini saƙon murya na minti shida, rabinsa kuka. Wai wani bawan Allah mai suna Rómulo ya samu lambarta a takardar da na cike a makaranta, ya kira ta, ya ce ya ji labarin ciwon Baba, ya tura sol ɗari shida. Wata mai zuwa ma haka, duk wata haka har Oktoba. Tun daga nan na rasa uwa, na samu 'yar kamfen.

Ranar Lahadin da ta gabata ma na kira ta, ina zaune bakin gado da kofin shayi, ko madara babu.

"Mama, sa mini albarka."

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Yaya ɗana Rómulo?"

"Ɗanki ɗaya na sani, yana Bogotá yana wankin mota."

"Kin ga irin bakin naki ko? Yorgelis, shekararki ashirin da bakwai. Sa'arki Marielis 'ya'yanta biyu. Mutumin nan bai taɓa ganinmu ba yana saya wa ubanki allura, ke da muka haifa wata huɗu ko..."

Ba ta ƙarasa ba, amma na ji ƙarshen. Na ce mata caji ya ƙare, na kife wayar, na zauna ina kallon kwat ɗin makaranta shuɗiya da ke rataye jikin ƙusa, wadda ita ma daga albashina aka cire kuɗinta. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsani Doña Felícita a lokacin ba. Ita ta mai da ni 'yar da ba ta da amfani a idon uwata, ta sa ɗanta ya zama gwarzo.

A haka Doña Eudosia ta hawo kwashe shanya ta same ni. Tsohuwa ce mai kitso biyu har baya, hannunta duk tabon wuƙa, kuma hayar wata biyu take bina amma ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

"Ke kuma wa ya mutu?"

"Ba kowa, Iya."

"To rufe bakin nan kafin ƙuda ya shiga. Har yanzu jar matar ba ta biya ba?"

Na girgiza kai. Ta ajiye kwandon kaya ta riƙe ƙugu.

"Poyada za mu yi miki, gidauniyar soyayyiyar kaza."

"Haba Iya! Ni ba ciwo nake ba."

"Wa ya ce miki sai ciwo? Da mijina ya karye mun yi. Da gidan Marleni ya ƙone mun yi. Kaji hamsin, kowace a raba huɗu, kati ɗari biyu ke nan, kowane sol ashirin. Ni zan ba ki kajin bashi. A soya, a dafa dankali, a kunna kiɗa, unguwa ta ci ta biya. Abin da ya rage kawai ki faɗa mini abin da za a rubuta a jikin katin. Sai a ce don jinyar babanki."

Nan ne fa Shaiɗan, ko mala'ika, ban sani ba, ya taɓa mini kafaɗa. Katin poyada ba ya fita sai da dalilinsa a rubuce, don mai saye ya san ramin da yake cikewa. Kuma a unguwar nan, in aka miƙo maka kati a gaban jama'a ba ka mayarwa. Ko ba ka cin kaza, ka karɓa ka biya, don gobe naka katin ne zai zaga.

Na ce, "Iya, ai ba Baba ne dalili ba. Gaskiya za a rubuta."

Da na faɗa mata kalmomin, sai ta zauna daɓas a kan bokitin wanki, ta yi dariya har tana tari.

"Tabɗijam! Ashe shirun nan naki na mugunta ne. Wace rana?"

"Asabar. Ranar da makaranta ke buɗe ƙofa don sababbin iyaye su zo rajistar baɗi."

"A ina?"

"Garejin ƙanwarki ba yana kallon ƙofar makarantar ba?"

Ta ɗaga ido sama ta yi alamar gicciye a ƙirjinta. "Allah ka yafe mini, amma har da lasifika zan aro."

Ranar Laraba katunan suka fito, rawaya, da hoton kaza tana murmushi. Ga abin da ke jiki:

GAGARUMAR POYADA
Don Malama Yorgelis ta aji uku, wadda Makarantar Ƙananan Taurari ba ta biya albashi ba wata huɗu.
Asabar, sha biyun rana. Kati sol ashirin. Allah ya saka.

Señora Marleni, shugabar iyayen ajina, ita na fara nuna wa. Ta karanta sau biyu, fuskarta ta canza.

"Wata huɗu? Malama, mu fa duk ranar ɗaya ga wata muke biya! In aka makara kwana uku har tara suke ɗora mana. Ba ni arba'in."

Kafin yammar Alhamis an sayar da ɗari da saba'in, hannu da hannu, a bakin famfo da layin burodi, kuma babu wadda ta kai tsegumi makaranta. Amma akwai mutum ɗaya da nake so in sayar wa da hannuna.

Safiyar Juma'a na sha kwat ɗina, na ɗaure gashi tamau, na shafa jan bakin da nake ajiyewa don coci. Doña Felícita tana tsaye a ƙofa kamar kullum tana karɓar gaisuwa, iyaye mata sun kai ashirin kewaye da ita. Na kifa katunan ta baya na miƙa mata da hannu biyu.

"Ranki ya daɗe, poyada muke yi gobe. Ko za a taimaka?"

Ta dubi katin, ta dube ni, ta dubi matan da suka zuba mata ido. Na ga lokacin da ta lissafa. Sai ta saki murmushin nan nata na hoton kalanda, ta buɗe jaka.

"Af, ai dole. Mu a makarantar nan iyali ɗaya ne. Ba ni biyar." Ta zaro sol ɗari ta ɗaga yadda kowa zai gani, ta cusa katunan cikin jaka ko juya su ba ta yi ba. "Allah ya ba mai ciwon lafiya."

"Amin, ranki ya daɗe. Ciwon ya daɗe yana cinta."

Marleni ta toshe baki da gyale ta juya baya, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa na wuce aji da sol ɗari a aljihu, kuɗi na farko da ya fito daga hannun matar nan zuwa nawa tun Yuni. Ranar har waƙa na koya wa yara.

Da yamma saƙon Rómulo ya shigo. "Yorjelis tawa, Mama ta ce poyada kike yi don Baba? Me ya sa ba ki gaya mini ba? Ai ni ne poyadarki." Har da jar zuciya uku. Na rubuta masa, "Ka zo da yunwa."

Asabar tun da hantsi muka jera tukwane uku a bakin garejin. Kajin sun kwana cikin jan barkono da tafarnuwa da ruwan tsami, ga dankali tuli a baho, ga latas, ga miyar yaji a robobi. Na sa wandon jins da riga rawaya, na ɗaura atamfar girkin Iya a kai. Tsallaken titi kuwa makaranta ta sha balan-balan shuɗi da fari, an shimfiɗa jan kafet, an jera tebura a tsakar gida da littattafan yara a kai don baƙi su ga irin aikin da ake yi. Sababbin iyaye suna ta sauka daga adaidaita, kowa riƙe da hannun ɗansa.

Sha biyu daidai Iya ta jefa kashin farko cikin mai. Ƙamshin ya tashi, iska kuma, Allah ya yi mata albarka, ta kwashe shi kai tsaye zuwa cikin makaranta. Aka kunna kiɗan kumbiya. Sannan mijin Marleni ya hau tsani ya ware ƙyallen da muka rubuta, mai faɗin ƙofar garejin gaba ɗaya, kalmomin katin ne sak, da jan fenti.

Ku zo ku ga wuya yana juyawa! Wani mutum mai tabarau ya tsaya tsakiyar kafet yana karantawa, leɓensa na motsi, sai ya ja hannun 'yarsa suka tsallako.

"Malama, da gaske ne wannan?"

"Da gaske ne, yallaɓai. Cinya ko ƙirji?"

Kafin rabin awa layinmu ya kai kwanar titi, jan kafet kuwa babu kowa a kansa sai balan-balan ɗaya da ya tsinke. Malaman makarantar suna leƙowa ta taga, biyu ma suka turo a saya musu a ɓoye. Ina zuba dankali ina jin wani daɗi yana ratsa ni har yatsun ƙafa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban ji tausayin kowa ba.

Sai ga Doña Felícita. Ta fito da sauri har takalminta yana turguɗewa, katin rawaya a hannu ɗaya, wani baƙin littafi a ɗaya hannun. Rómulo yana biye da ita yana cewa, "Mama, tsaya, Mama, bari ni in yi magana da ita," fuskarsa ta yi fari fat.

"Kashe kiɗan nan!"

Iya ta rage shi kaɗan, ba ta kashe ba.

"Ke! Maƙaryaciya, butulu! Na ɗauke ki ba takarda ba komai, ki saka mini da wannan? Wata huɗu? Ni Felícita ban taɓa cin guminki ba!"

"To ina yake, ranki ya daɗe?"

"Ga shi nan!" Ta buɗe littafin ta ɗaga wa jama'a, tana juyawa da shi hagu da dama. "Duk biyar ga wata da hannuna nake ƙirga dubu ɗaya da ɗari biyu in sa a ambulan in ba Rómulo. Ga sa hannunta, Yuli, Agusta, Satumba, Oktoba! Ku duba! Gobe 'yan sanda za su zo, sai ki koma inda kika fito!"

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar mai a tukunya. Na ga idanun da ɗazu suke mini murmushi sun fara kallona a kaikaice. Mai tabarau ya ajiye cokalinsa. Na san yadda abin yake, in aka ce baƙuwa ta yi ƙarya ba a neman shaida ta biyu. Na goge hannu a jikin atamfa na ce ta ba ni in gani.

Shafin Maris zuwa Yuni hannuna ne. Na juya. Layi huɗu, an kwaikwayi rubutuna har da 'yar lanƙwasar da nake yi a ƙarshe, an yi ƙoƙari, ba laifi. Yorjelis. Yorjelis. Yorjelis. Yorjelis.

Na ɗago kai na dubi Rómulo. Shi kuma ya dubi takalminsa.

Ban san lokacin da dariya ta ƙwace mini ba. Wata huɗu ina tsine wa tsohuwa, ashe ɓarawon shi ne mai turo mini jar zuciya.

"Señora Marleni," na ce, "don Allah tsallaka ki ɗebo mini littattafan 'yan ajina da aka baje a tebur."

Ta tafi da gudu ta dawo da su cike da hannu. Kowane littafi, kowane shafi, ƙarƙashin kowane aikin gida, akwai sa hannuna da jan biro tun watan Maris. Na buɗe ɗaya na ɗora kusa da baƙin littafin a kan teburin dankali.

"Yallaɓai mai tabarau, kai ba ka san ni ba, ba ka san su ba. Karanta mana. Nan da wane harafi?"

Ya sunkuya. "G."

"Nan fa?"

"J."

"Akwai wanda ke mance sunansa duk biyar ga wata?"

Wata daga baya ta ce, "Sai dai in ya sha!" Aka kwashe da dariya.

Na ciro wayata, na buɗe saƙonninsa, na miƙa wa Doña Felícita. "Ranki ya daɗe, mutum ɗaya na sani a duk faɗin Lima da ke rubuta ni da J. Ja sama, suna da yawa. Wata takwas ne."

Ta ja da yatsa. Ta sake ja. Na ga jan gashin nan yana rawa, bakinta ya buɗe ya rufe. Sannan ta juya a hankali.

"Rómulo."

"Mama, ba yadda kike zato ba ne..."

"Ina kuɗin yarinyar nan?"

"Ai don ita na yi!" Ya juyo gare ni, har da haɗa hannu. "Sarauniyata, ban ci ba, na rantse. Mahaifiyarki nake tura wa, ke ma kin sani. Ɗari shida duk wata, don allurar Baba. Sauran kuma ina tara mana ne, na zobe, na..."

Kun san yadda mutum ke taka matakalar da babu ita? Haka na ji. Ɗari shida, rabin albashina. Saƙon Mama na kuka kuwa duk shida ga wata yake zuwa, ban taɓa haɗa lissafin ba. Ashe ni ce nake saya wa ubana allura. Ni ce nake tsayuwa awa shida gaban yara ashirin da takwas da shayi ba madara a cikina, shi kuma yana karɓar albarkar uwata da gumina, har tana gaya mini ban kai shi ba.

Ludayin miyar yaji yana hannuna. Allah ya sani na auna fuskarsa. Iya ce ta riƙe mini wuyan hannu ta ce a hankali, "Kar ki ɓata miya."

Doña Felícita ta matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa, yau babu ɗaga hannu.

"'Yata, mu shiga ofis. Wannan maganar cikin gida ce."

"Sau biyu na zo ofis, ranki ya daɗe. Nan ma akwai iska."

Ta dubi ƙyallen. "To. Dubu huɗu da ɗari takwas ne. An tura wa mahaifiyarki dubu biyu da ɗari huɗu. Saura dubu biyu da ɗari huɗu, yanzu zan ba ki, a sauke ƙyallen nan."

"A'a."

"A'a kamar yaya?"

"Abin da ya tura wa Mama, da sunan wa ya tura? Ya ce mata albashina ne?" Na dube shi. "Ka ce mata haka, yallaɓai?"

Ya kau da kai, na ci gaba.

"Kyauta ya ce. Ya karɓi godiya, ya karɓi addu'a, har kyandir Mama ta kunna masa a coci. To kyauta ta tabbata kyauta, mun gode, Allah ya ƙara arziki. Ni albashina nake jira, dubu huɗu da ɗari takwas, cif. Kuma a rubuta mini takardar aiki da sunana. Da G."

"Biya ta!" in ji Marleni. Sai layin gaba ɗaya ya ɗauka, har da masu buga cokali a faranti. "Biya ta! Biya ta!"

Doña Felícita ta dubi jan kafet ɗinta da babu kowa, ta dubi iyayen baɗi da ke tsaye da maiƙo a baki suna jiran abin da za ta ce. Ta miƙa wa ɗanta hannu ba tare da ta kalle shi ba.

"Makullin mota."

"Mama..."

"Makulli, na ce! Da ƙafa za ka je banki, ka ciro daga naka."

Ya tafi, yana tafiya ana yi masa fito. Ya dawo bayan minti arba'in, gumi ya jiƙa masa riga har turaren ya gudu. A kan teburin dankali aka ƙirga mini kuɗina, mai tabarau ne shaida. Na sa hannu a baƙin littafin da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu ƙarƙashin G. Sannan na zuba kason kaza biyar a roba na miƙa wa Doña Felícita.

"Katinki biyar, ranki ya daɗe. Mai ciwon ta warke."

Ba ta karɓa ba. Iya ta ce ba komai, an riga an biya, ta raba wa masu adaidaita.

Da la'asar muka wanke tukwane. Na biya Iya kuɗin kajinta da hayar wata biyu, ta ƙirga, ta mayar mini da hamsin ta ce in sayi madara don Allah. Na hau sama, ƙafafuna kamar ba nawa ba, gashina duk warin mai. Na baje kuɗin a kan gado na ɗauki hoto, don Mama nake so ta fara gani. Na riga na shirya abin da zan ce mata: Mama, allurar nan ta wata huɗu, 'yarki ce.

Ina buɗe wayar na tarar da saƙon muryarta, minti ɗaya kacal. Mama ba ta taɓa yin saƙon minti ɗaya ba. Na danna.

"Yorgelis, Rómulo ya kira ni yana kuka, ya ce kin tara masa jama'a a titi kin kira shi ɓarawo. Ban haife ki don haka ba. Kar ki ce mini komai, ba na son ji a waya. Dama ya ce in rufa masa asiri don ya ba ki mamaki, to yanzu sai in faɗa. Tun makon jiya ya saya mini tikiti. Ranar Alhamis zan sauka Lima, ranar Asabar za a sa miki zoben baiko, na riga na ba shi hannunki. Ki gyara ɗaki."

Na saurara sau biyu. Ashe har da tikitin a cikin gumina.

Na goge hoton ban tura ba. Na leƙa ta saman bene, Iya tana ƙasa tana kife tukunya ta ƙarshe.

"Iya! Kar ki mayar da lasifikar nan tukuna."

Ta ɗago kai tana kare ido da hannu. "Wani abin kuma?"

"Baiko za a yi mini ranar Asabar. Ina so duk unguwa ta ji amsata."